Kafin ka zuba kuɗin makarantarka a kiwon karnuka

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, na ga wata harka ta fara jan wasunmu: kiwon karnukan Turawa a riƙa sayar da 'ya'yan. Jiya wani ƙanenmu ɗan aji uku ya same ni, wai za su haɗa kuɗi da abokinsa su sayi macen German Shepherd. Batun hukuncin ajiye kare na bar wa malamai, ni abin da na gani zan faɗa.

Bara maƙwabcina a nan Ibadan ya sayi kwikwiyon irin wannan, har da takarda. Bai shekara ba ya fara jan ƙafafun baya, tashi ma da ƙyar. Likitan dabbobi ya ɗauki hoto, ya ce kan ƙashin cinyar bai zauna daidai a gurbinsa na ƙugu ba, kuma akasari gadonsa ake yi. Da aka bi diddigi, ashe uban da uwar wa da ƙanwa ne. Mai kiwon ya haɗa su ne don kada ya biya kuɗin barbara a waje. Wallahi kukan karen nan da dare har yanzu yana kunnena.

Mu fa wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Mun san yadda sikila ke wahalar da iyalai, shi ya sa ake ta kiran a yi gwajin jini kafin aure. To su ma dabbobi gado bai ƙyale su ba.

Wasu ma siffar da ake sayensu dominta ita ce cutar. Bulldog da Pug an yi ta zaɓen masu gajeren hanci har numfashi ya zame musu aiki, balle a zafin ƙasar nan. Yawancin Bulldog na Ingila sai da tiyata suke haihuwa. A 2023 kotun ƙolin Norway ta hana kiwon Cavalier King Charles Spaniel saboda yawan cututtukan gado.

Na ce wa yaron, idan ya dage, ya ga uwar da uban da idonsa, ya nemi hoton ƙugunsu da katin rigakafi, ya tambayi dangantakarsu, kuma kada a haɗa macen duk lokacin da ta nemi barbara. Ya ce ai haka riba za ta ragu. Na ce eh, za ta ragu sosai.