Kada Ku Jefar Da Motar Gwangwani



Mu da muka taso a Kwaciri, da wuya a samu wanda bai yi motar kara ko ta gwangwani ba. Mu tsinto gwangwanin madara, mu yanko taya daga tsohon silifa, mu ɗaura zare mu yi ta ja a lungu har Magariba. Da muka shiga sakandare sai muka watsar, don an ce mana wasan yara ne. Sai yanzu a jami'a muka gane asara muka yi, da muka ga abokanmu masu karatun zanen gine-gine suna kwana suna haɗa ƙananan gidaje da kwali, kuma a kan wannan ake ba su maki.

A Japan har dattawa suna irin wannan aiki. A 1971 kamfanoni huɗu na yankin Shizuoka, wato Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, suka haɗa kai suka fara fitar da ƙananan jiragen ruwan yaƙi na roba, kwafin waɗanda ƙasarsu ta yi amfani da su a Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da ya kai kakanninmu Bama. Mutum zai sayi jirgin gutsi-gutsi a kwali, ya zauna ya manna da gam, ya yi masa fenti.

Abin da ya bambanta aikinsu da namu shi ne ma'auni. Sun tsayar da 1:700, wato kowace santimita ɗaya a ƙaramin jirgin tana wakiltar santimita 700 a na gaske. Jirgin Takao, mai tsawon kusan mita 204, sai ya dawo santimita 29, bai ma kai rularku ta aji ba. Bindigoginsa da bututun hayaƙinsa duk da 700 ɗin aka raba su, shi ya sa yake kama da na gaske sak. Mu kuwa da ido muke yi, taya ta fi ƙofa girma.

Ga aikin wannan mako. Ku aro tef ɗin awo wurin tela, ku nemi izinin mai Adaidaita Sahu na unguwarku ku auna kekensa. A ce tsawonsa santimita 260 ne, kun zaɓi ma'aunin 1:20. Ku raba 260 da 20, naku zai zama santimita 13. In faɗin tayarsa santimita 40 ne, taku 2 za ta zama, kun ga murfin kwalbar lemo ya yi mata girma. Ku auna gilashi da kujera da rufi, ku rubuta, ku zana a takarda kafin ku taɓa reza. Kwali da gam ba za su gagara a kasuwar Sabon Gari ba. Ku dai kula da yatsunku.

Wannan lissafin shi ne wanda ke ba wasunku tsoro a jarrabawa, shi ne kuma a ƙasan taswirar darasin labarin ƙasa. Wanda ya yi shi da hannunsa sau ɗaya ba zai sake mantawa ba.

In Baba ya tambaya me kuke yi da gwangwani, ku nuna masa takardar awon tukuna. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.