Kafin a Mayar da Batir Bayan Mota, Ki Duba Inda Yaranki Ke Zama

Na san a wannan fili mun fi sabawa da zancen tarbiyya da girki da cefane, yau kuma ga ni da maganar batirin mota. Ki daure ki karanta, domin maganar yara ce.

A gidanmu akwai tsohuwar Fijo 504 wagon, gadon maigidana daga mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa. Baba ya saye ta ne lokacin yana aiki a wani kamfani a Bompai, zamanin da idan an tashi ma'aikata sai titi ya cika da kekuna. Irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna ce, a kamfanin Peugeot na Kakuri da ya fara aiki a 1975, kuma ba a daina haɗa 504 a can ba sai 2006, shi ya sa har yau ba ta ɓace daga titunanmu ba. Layin kujerunta uku ne. Kullum da safe maigida zai kwashi yaranmu da na maƙwabta ya sauke su makaranta, sannan ya wuce aikinsa a Sharada. Ƙananan kuwa rigimarsu ɗaya ce, wa zai zauna kujerar ƙarshe.

Bayan damina mazaunin batirin da ke gaba ya rube da tsatsa, har batirin ya fara karkata. Da ya kai ta wani gareji kusa da wurin aikinsa, sai aka ba shi shawara wai a mayar da batirin baya kawai, wuri ne a yalwace, ga shi babu zafin inji. Aka ja waya, aka ajiye shi bayan kujerar ƙarshe, aka ɗaure da roba, aka rufe da kwali. Ni ban ma san an yi ba. Sai da na wanke kayan makarantar autata na ga ƙananan huji a gefen hijabinta, kamar ɓera ya ci. Na yi mata faɗa a banza, Allah Ya yafe mini. Kwana biyu bayan nan na buɗe bayan motar zan sa buhun shinkafa, na ɗaga kwalin, na ga farin gari ya taru a kan batir, shimfiɗar ƙasa kuma ta jiƙe. Ruwan batir ne. Haka yake yi wa tufafin auduga, ba ya nunawa sai an wanke.

Ban tayar da hankali ba. Kin san maza da motocinsu, idan kika fara da "wane ne ya yi wannan shirmen" kin rufe ƙofar magana. Na bari ya ci abinci, na nuna masa hijabin, na roƙe shi mu kira Kawuna, wanda ya shekara da shekaru yana aikin lantarki a wani kamfanin fata a Challawa. Abin da zan gaya miki a ƙasa, yawancinsa daga bakinsa na ji.

Da farko dai a yi adalci, batir a baya ba laifi ba ne a kan kansa. Zafi na rage wa batir kwana, kuma kin san zafin Kano a watan Afrilu, yana haura maki 40, balle a gefen inji. Marsandi da BMW da yawa a but batirinsu yake tun daga kamfani. Sai dai su an yi masa gurbinsa, an ɗaure shi da ƙarfe, an sa masa ɗan tiyo mai fitar da iska waje. Kuma a ƙaramar mota akwai kujera da bango tsakanin but da mutane. Wagon ba ta da wannan. Bayanta da cikinta ɗaki ɗaya ne, iskar da batir ya fitar ita yaran za su shaƙa, wurin da ya zubar da ruwa nan jakunkunansu suke.

Batirin mota na yau da kullum dalma ce a cikin ruwa mai guba da ke ƙona fata. Yayin da inji ke masa caji yana fitar da wata iska da ake kira haidirojin, ba ta da wari ba ta da launi, amma idan ta taru ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama. A gaban mota iska na kwashe ta. A cikin mota mai rufaffen gilashi lokacin hunturu fa? Idan kuma kika ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, cajin ya yi yawa, batirin na tafasa ne, a sauke yara a kashe mota.

Sai nauyi. Batir yakan kai kilo 15 ko fiye. Duk wadda ta san gargadar wasu hanyoyin cikin Sharada da Challawa bayan ruwan sama, inda manyan motoci suka farfasa kwalta, ta san roba ba za ta riƙe shi ba. Idan aka taka birki da ƙarfi, ko Allah Ya kiyaye aka yi karo, gaba zai yo, kuma abin da ke gabansa kawunan yara ne.

Amma abin da ya fi ɗaga wa Kawu hankali waya ce. Batirin da ke gaba, wayarsa zuwa kik gajeriya ce. Daga baya kuwa sai ta ratsa kusan tsawon motar gaba ɗaya, mita huɗu ko fiye, tana ɗauke da wuta ko da an kashe mota an zare makulli. Tamu an bi da ita ta wani huji a ƙarfen ƙasa babu robar kariya, har bawonta ya fara gogewa. Ranar da jan ƙarfen ciki ya taɓa jikin mota, wayar za ta yi ja kamar garwashi cikin daƙiƙoƙi, a ƙarƙashin shimfiɗa, ba nisa da tankin mai. Masu shekaru za su tuna Bosuwaja ƙirar kunkuru, wadda batirinta ke ƙarƙashin kujerar baya. Idan murfinsa ya ɓace, mai nauyi ya zauna, ƙarafan kujerar kan taɓa kawunan batir wuta ta tashi.

To idan dole ne sai an mayar, misali an sauya wa motar inji kuma wuri ya ƙare a gaba, aikin mai wayarin ne da ya san hannunsa, ba na yaron gareji ba. A sa batirin cikin akwati mai murfi, a ɗaure da noti har ƙarfen ƙasan mota, a fitar da tiyo daga akwatin zuwa waje. A sa babban fis daf da kan batir mai alamar tarawa, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, don idan waya ta goge shi ne zai yanke wutar. Wayar ta zama mai kauri ta jan ƙarfe zalla. A nan sai maigida ya buɗe ido idan ya shiga Ƙofar Ruwa, don akwai ta alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, za a gane ta da rashin nauyi, kuma idan an kankare fari ne a ciki. A nisanta ta da salansa da bututun mai, duk hujin da ta bi a sa masa roba.

Mu dai da aka lissafa kuɗin waya da akwati da fis, sai ya zama kiran mai walda ya fi sauƙi. Ya yanke ruɓaɓɓen mazaunin, ya ƙera sabo, aka shafa fenti, batir ya koma inda Faransawa suka ajiye shi. A ganina, in dai akwai wuri a gaba, wannan ita ce hanya.

Wata za ta ce ai mu ba mu da mota. To wa ke kai miki yara makaranta da Islamiyya? Da yawa daga motocin da ake biya duk wata tsofaffin wagon ne da ƙananan bas, kuma 'yan ƙanana ake cusawa can baya. Gobe da safe ki raka su bakin ƙofa, ki gaisa da direba, ki leƙa. Idan kin ga batir a fili, ko jarkar fetur kusa da shi, ki yi magana cikin mutunci, in ya ƙi ji ki haɗa kai da sauran iyaye.

Idan kuma ruwan batir ya taɓa yaro, ki cire tufafin, ki yi ta kwarara ruwa mai tsafta a wurin na aƙalla minti 20. Ban da manja, ban da man goge baki, ban da ƙwai. In ido ne, ana wankewa ana shirin tafiya asibiti, kada a jira a ga ko zai lafa.

Hijabin autata na nan na ajiye, ta ce sai na saya mata sabo tunda ba laifinta ba ne, kuma ta fi ni gaskiya. Ke kuma in kin leƙa motar gobe, ki dawo ƙasan wannan rubutu ki gaya mana abin da kika gani.