Ilimin Kuɗi Ya Sauko Zaure

A shekarar 2019, Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da lamuni 347. Da idona na ga 'yan dako, direbobi da mata masu koko suna tururuwa zauren Sarkin Zango, riƙe da takardun Turanci da suka dangwala wa yatsa ba tare da sanin abin da ke ciki ba.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. 'Ya'yanmu ma'aikatan banki, ku ware yammacin Juma'a ɗaya kowane wata, ku zauna tare da malamai, ku fayyace wa talaka da Hausa bambancin riba da kuɗin ruwa, da yadda alƙawarin ribar da ta wuce hankali ke zama tarko. Gumin ɗan dako amana ne a wuyanmu. Allah Ya ba mu ikon saukewa.