Farin Man Tutiya, Garkuwar Zabiya Daga Rana

Jama'ar Rimin Gado, ku saurara. Ƙasarmu ta noma ce, yaro da zarar ya tasa sai a miƙa masa fartanya. Wannan daidai ne. Amma akwai yaron da bai kamata a tura shi gona da tsakar rana ba, watau zabiya.

Ga dalili. A cikin hasken rana akwai wani haske wanda ido ba ya gani, yana kuwa ƙona fata. Baƙin fatarmu ne ke tare yawancinsa. Zabiya ba shi da wannan kariya. Ƙunar yau da ta gobe sai ta zama kaushi a wuya da kunne da leɓe, daga nan sai gyambon da ba ya warkewa, watau ciwon daji na fata. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne. Rana ce.

Akwai man shafawa da ke tare wannan haske. Ana yinsa da farin garin tutiya, wanda a jikin kwalba ake rubuta Zinc Oxide. Dā in an shafa shi sai fuska ta yi fari fat kamar an zuba farar ƙasa. Yanzu masana suna yin garin da laushi ƙwarai, har ko an jera ƙwayarsa 500 ba ta wuce kaurin silin gashi ba. Saboda haka ba ya nunawa sosai a jiki.

Waɗansu sun ji tsoro, suka ce abu mai ƙanƙanta haka zai ratsa fata ya shiga jini. An gwada, an ga ƙwayoyin a saman lafiyayyar fata suke tsayawa. An kuma lura rana takan sa tsurar garin ya fid da abin da zai iya cutar fata, don haka masu yinsa sukan lulluɓe kowace ƙwaya da sinadari irin na yashi. A 2016 Tarayyar Turai ta yarda a sa shi cikin man rana har kashi 25 cikin 100, amma ta hana sa shi a abin fesawa da za a iya shaƙa, gama yana iya cutar huhu. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man rana cikin jerin muhimman magunguna.

A ganinmu, tsoron man nan bai kai tsoron rana ba. To, maigida da uwargida, ga abin yi:

1. Ku sayi na shafawa, ba na fesawa ba, mai lamba SPF 30 ko fiye.
2. A shafa kowace safiya, a sake bayan awa biyu in ana waje, ko in an yi gumi. Kada a shafa kan gyambo.
3. Man shi kaɗai bai isa ba. A haɗa da malafa da riga mai dogon hannu.
4. A ba shi aikin gona da sassafe ko bayan la'asar.
5. Gyambon da ya yi wata guda bai warke ba, a kai asibiti. In ta kama, za a tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kuɗin mai da malafa bai kai na jinya ba. Rigakafi ya fi magani.