Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Batun Sanya wa Tsohuwar Mota Heda

Watanni kaɗan da suka wuce ƙanena, ma'aikacin banki, ya zo gida da Toyota Camry ɗinsa ƙirar 1999, mai giyar otomatik. Tun daga bakin layi muka ji zuwansa. Ya fito yana murmushi, ya buɗe bonet, ya nuna mini waɗansu bututai huɗu masu sheƙi da suka fito daga jikin inji. "Yaya, ka ji yadda take numfashi yanzu?" Abin da ya sayo ta intanet sunansa heda, an cire manifol ɗin kamfani an ɗaura shi a gurbinsa. Bayan wata biyu wutar gargaɗin inji ta kama, motar ta ƙara shan mai, giya ta fara fizga in an daɗe a cunkoso.

Matsayina a fili yake: ga tsohuwar mota mai giyar otomatik wadda ake zuwa ofis da kasuwa da ita, sanya heda asarar kuɗi ce, wani lokaci ma cutar da jama'a ce. Ba na cewa heda yaudara ce. Ina cewa magani ce ta wata cuta da motarka ba ta da ita.

Bari mu fara da aikin da take yi. Duk lokacin da mai ya ƙone a cikin silinda, sai bawul ya buɗe hayaƙi ya fita da ƙarfi. Manifol ɗin kamfani, wanda a tsofaffin motoci da yawa zubin ƙarfe ne mai kauri, yana tara hayaƙin dukkan silindoji wuri guda cikin ɗan gajeren zango. Ita kuwa heda tana bai wa kowace silinda bututunta, masu tsawo kusan ɗaya, su haɗu can gaba. Hikimar ita ce, hayaƙin da ya fita da gudu yana barin wani ɗan zuƙo a bayansa, zuƙon nan ya taimaka wajen janye ragowar hayaƙin silinda ta gaba, ta sami sararin shaƙar sabuwar iska. Wannan ilimi ne tabbatacce. Masu tseren motoci a Amurka sun daɗe suna cin moriyarsa a manyan injuna masu silinda takwas.

To amma a wane gudu ake cin moriyar? Nan ne mai talla yake yin shiru. Tsawon bututu da faɗinsa su ke ƙayyade inda ribar za ta bayyana, kuma yawancin hedojin kasuwa an auna su ne don lokacin da inji ke juyawa da sauri ƙwarai. Injin Camry ɗin ƙanena mai lita 2.2 ne, ƙarfinsa kimanin doki 133, kuma ba ya kai wa ga wannan ƙarfi sai ya haura juyi 5,000 a minti ɗaya. Mai karatu, dubi allon motarka gobe da safe. A cikin gari giyar otomatik tana canjawa tun inji bai kai juyi 3,000 ba. Ko a kan babbar hanya kana gudun kilomita 100 a awa, allurar ba ta kai can. Mai giyar hannu yana iya riƙe giya ta biyu har inji ya yi kururuwa. Kai kuwa na'ura ce ke yanke maka hukunci, kuma an tsara ta ne ta yi tattalin mai. Ka sayi ƙarfi a wani bene da motarka ba ta hawa.

Har ma akan yi asara. In bututun ya yi faɗi da yawa, hayaƙi yana rage gudu a ƙananan juyi, zuƙon ya raunana, ƙarfin jan mota daga tsaye ya ragu. Wannan ƙarfin kuwa shi ne wanda giyar otomatik ta fi dogara da shi, domin tsakaninta da inji babu kuloci, mai ne ke ɗaukar juyin ya miƙa. Direba ya ji ƙara ta ƙaru, zuciyarsa ta ce masa mota ta ƙara gudu. Kunne ne ya yaudare shi.

Sai batun zafi, wanda shi ne babban abokin gabar giyar otomatik. Zubin ƙarfe mai kauri, da murfin da kamfani ya rufa masa, suna riƙe zafi a ciki. Bututun heda siriri ne, yana watsa zafinsa ga duk abin da ke kusa, kuma sau da yawa murfin kamfani ba ya komawa. A Camry irin wannan, hayaƙi ta gaban inji yake fita, dab da lagireto da fankokinsa, kuma a cikin lagireton ne man giya ke zuwa ya huce. A motocin da ke ja da ƙafafun baya, bututan sukan matsi kik da wayoyi da bututun man giya da sandar canja giya, har sai an lanƙwasa wani abu ko an ɗage shi. Ƙara wa wannan zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, da tsayuwar rabin awa a cunkoso. Man giya in ya sha zafi fiye da kima yakan ƙone ya yi baƙi, faifan cikin giya su fara sulɓi. Garin neman gira an rasa ido.

Ɗaurawar kanta ba wasa ba ce. Kusoshin da suka yi shekara ashirin da biyar suna shan wuta da tsatsa sukan karye a cikin kan inji. Heda mai araha ba kasafai fuskarta ke zama daidai ba, sai ta riƙa yoyo. Idan yoyon yana gaban na'urar da ke auna iskar hayaƙi, iskar waje takan kutsa, kwamfutar mota ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta ƙara zubawa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wane ne cikinmu ke da kuɗin ƙonawa a banza?

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Sau da yawa in an zo wannan aiki akan haɗa da cire matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi saboda kamannin cikinta. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su falatinam, shi ya sa ba a rasa mai cewa "Alhaji, a cire ta kawai, ta toshe." Aikinta shi ne mayar da iska mai guba zuwa wadda ba ta kai ta illa ba. In an cire ta, wa ke shaƙar gubar? Yarinya mai talla a bakin danja, da mai Keke Napep da ke bayanka, da 'ya'yanka a kujerar baya in hayaƙin ya sami kafar shiga. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari.

Na san abin da za a ce: kuɗina ne, motata ce. Gaskiya ne, kuma wanda ya ware mota don wasa, ya gyara giyarta da kwamfutarta su dace da heda, ya ƙara wa man giya abin sanyaya, ya bar matatar hayaƙi a wurinta, ba da shi nake ba. Haka wanda manifol ɗinsa ya tsage bai sami na asali ba. Amma haƙƙinka a kan motarka ya tsaya ne daidai hancin maƙwabcinka da kunnensa.

In ka ji tsohuwar motarka ta yi nauyi, fara da abin da ya tsufa: filogi, matatar iska, man giya, lagireto, na'urar auna iskar hayaƙi. Waɗannan ke dawo da ƙarfin da ya ɓace, ba tare da an ji ka daga bakin layi ba. Ƙanena ya koma kasuwar kayan gyara neman manifol na hannu, domin nasa na asali tuni an sayar wa 'yan gwangwan. Ya biya kuɗin aiki sau biyu kafin motarsa ta koma yadda take.