A Nemo Wa Masu Saƙar Duwatsu Kasuwa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Lafiya ana saura mako biyu Sallah, ko kuwa a tsakiyar watan Disamba, zai ga wata 'yar haja a gefen teburan 'yan koli. Mariƙin makulli ne da aka saƙa da ƙananan duwatsun ado, wani da siffar tauraro, wani da siffar jaka ko takalmi, wani kuma ɗauke da harafin farko na sunan wanda za a kai wa. Galibi mata da 'yan mata ne ke saƙa shi a tsakar gida bayan an sauke tukunya. Kuɗinsa kaɗan ne, shi ya sa ɗalibi da lebura da ƙaramin ma'aikaci ke iya sayensa su yi goron Sallah ko kyautar Kirsimeti ba tare da cin bashi ba. To, abin da ya kamata hukuma da jama'a su duba shi ne, nawa ke saura a hannun wadda ta yi aikin?

Haƙiƙa Lafiya gari ne da ya dace da wannan sana'a. Tun ran 1 ga Oktoba 1996 da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanko Jihar Nasarawa daga Filato, garin ya zama hedkwata, ma'aikatu suka zo da ma'aikatansu. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha mai sunan marigayi Sarkin Lafiya Isa Mustafa Agwai na Ɗaya. Babbar hanyar Akwanga zuwa Makurɗi ta ratsa garin, matafiyi kuwa ba ya rasa neman tsaraba. Bugu da ƙari, Barebari da Hausawa da Fulani da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi na zaune wuri ɗaya, Musulmi da Kirista. Watau mai wannan haja tana da Ƙaramar Sallah da Babba, tana da Kirsimeti da Sabuwar Shekara da Ista, ban da bukukuwan aure da suna.

Amma fa duk da wannan, ribar ba ta taka kara ta karya ba, dalilin kuwa a fili yake. Abubuwa uku ake bukata: duwatsu, da zaren roba irin na masunta, da zoben ƙarfe. Kusan dukansu daga ƙetare suke zuwa, yawanci daga ƙasar Sin da Indiya. Sai sun sauka Legas, sun bi ta hannun manyan 'yan kasuwa a can ko a Anacha ko Kano, kafin su iso Lafiya, kowa kuwa da ladan da zai ɗora. Mai saƙa ba ta da jarin sayen buhu, sai ta sayi ƙulli ƙulli a farashi mafi tsada. Da aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yunin 2023, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin watanni takwas, kayan aiki suka bi ta. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na wannan shekara ya ƙara kuɗin mota. Ita kuwa mai saƙa ba ta isa ta ninka farashinta ba, domin ga na roba da inji ya buga a teburin maƙwabcinta, ana sayar da shi araha. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Abin takaicin shi ne ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a aikin duwatsun ado. Masu binciken kayan tarihi sun tabbatar cewa ana narka gilashi ana yin duwatsu a Igbo Olokun da ke Ile-Ife tun wajen ƙarni na 11. A Bida ta Jihar Neja, mutanen unguwar Masaga sun gaji wannan aiki kaka da kakanni, suna narka fasassun kwalabe su fitar da awarwaro da duwatsun wuya. A ƙasar Gana, mutanen Krobo na daka kwalabe su zama gari, su gasa a cikin ƙananan mazubai na yumɓu, har kasuwar duwatsu ke ci a Koforidua kowace Alhamis, masu saye na zuwa daga ƙasashen waje. Kwalabar da ake zubarwa a kwatamin Lafiya ita ce jarin wani a Bida da Koforidua.

Ba a ce hukuma ba ta taɓa komai ba. An kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa a 1986. A 1987 marigayiya Maryam Babangida ta fito da shirin kyautata rayuwar matan karkara. A 2003 aka yi dokar kafa SMEDAN domin ƙananan masana'antu. Saƙar duwatsu na cikin sana'o'in da aka fi koyarwa a tarurrukan horar da mata, saboda ba ta bukatar lantarki ko shago, kuma ana iya kama ta cikin 'yan kwanaki. Sai dai sau da yawa aikin yakan tsaya ne a ranar raba takardun shaida. A ɗauki hoto, a watse, a bar mata da yawa masu iya abu iri ɗaya suna takara a kan mai saye ɗaya. Koyar da sana'a ba tare da kasuwa ba, shuka ce a kan dutse.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Da farko, masu saƙar su haɗa kai su yi ƙungiyar gama kai mai rajista. Matan da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba za su kasa tara kuɗi su aiki mutum ɗaya ya yi musu sari a Kano ko Legas ba. Hakan zai cire hannu biyu ko uku daga tsakaninsu da kayan aiki, ya kuma ba su ƙarfin neman rance a banki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, hukuma ta zama mai saye. A watan Mayun 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sa hannu a kan umarnin da ya ce ma'aikatun Tarayya su fifita kayan gida wajen sayayya. Babu abin da zai hana Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumominta 13 su bi wannan sawu. Duk ƙarshen shekara ofisoshi da makarantu da bankuna na raba kyaututtuka. In aka ware ko da kaɗan ne daga kuɗin aka ba ƙungiyar mata oda tun wata uku kafin lokaci, tare da kuɗin kafin alƙalami, aikin zai daina zama na ɗan lokaci.

Na uku, sashen koyon sana'a na Jami'ar Tarayya da na Kwalejin su tura matasa Bida su koyo narka kwalabe. Gaskiya ne ƙananan duwatsun da ake saƙa da su aikin inji ne, amma manyan da ake ƙawata mariƙi da su ana iya yin su a nan gida.

Su ma masu sana'ar akwai nasu nauyin. Mariƙin da ya tsinke bayan mako guda ya zubar da makullin mutum, ya kori mai saye har abada, ya kuma ɓata sunan sauran. A ninka zare, a ƙulla da kyau. A rage kwaikwayon siffofin ƙanƙara da barewar Turai waɗanda yaron Lafiya bai taɓa gani ba. Ga jinjirin wata, ga tauraro, ga dagin Arewa, ga launin tutar Nijeriya, ga sunayen Keffi da Doma da Keana da Awe da baƙo zai so ya koma gida da su. Inji ba zai rubuta wa mutum sunan 'yarsa yana tsaye ba, hannu kuwa zai yi.

Saura jama'a. Mai niyyar yin kyauta a wannan biki ya tambayi ɗan koli wa ya saƙa abin da zai saya. In 'yar unguwa ce, kada ya taya ta kamar mai sayen kayan gwanjo, domin wannan kuɗin shi ne cefanenta da kuɗin makarantar 'ya'yanta. Allah ya sa masu iko su duba, amin.