Kodebuwa: Sabunta rumbun kwakwa na Port-Bouët ba aikin gaggawa ba ne

A Port-Bouët, kusa da filin jirgin saman Abijan, cibiyar binciken noma ta Kodebuwa, CNRA, tana kula da tashar Marc Delorme, ɗaya daga cikin rumbuna biyar na duniya da ke adana ire-iren kwakwa. Sauran suna Barazil, Indiya, Indonesiya da Papuwa Niyu Gini. Birni na ta matsar gonar, ga kuma cutar da ke mayar da ganyen kwakwa ruwan ɗorawa har itacen ya mutu, wadda ta yi ɓarna a Grand-Lahou, bayan ta daɗe tana cin gonakin gaɓar tekun Gana. Shi ya sa ake ta batun mayar da rumbun wani wuri.

Sai dai kwakwa ba gero ba ce. Ba a busar da ƙwayarta a ajiye a ɗakin sanyi, domin mutuwa take yi. Dole a riƙe ta a raye cikin gona, kuma bayan shekara 25 zuwa 30 itatuwan sun yi tsawon da hawansu ke da hatsari, sai a dasa ƴaƴansu.

Nan ne gizo ke saƙa. Doguwar kwakwa tana karɓar garin fure daga maƙwabtanta ta iska da ƙwari. In aka tsinci ƙwayar da ta faɗo aka shuka, an san uwa, ba a san uba ba, tun da irin Afirka ta Yamma na tsaye kusa da na Malesiya. Don haka ake yin barbara da hannu. Manoman dabino na Ingal da Kawar sun san aikin, amma nasu ya fi sauƙi, domin namijin dabino daban, macen daban. Kwakwa kuwa tana haɗa furen biyu a zangarniya guda. Ma'aikaci zai hau ya cire furen maza, ya rufe zangarniyar da jaka, ya sake hawa in furen mata ya nuna ya fesa garin uban da aka zaɓa. Bayan kusan shekara a samu ƙwaya kaɗan.

Saboda tsadar nan, in kuɗi suka yi ƙaranci, abu mafi sauƙi shi ne a rage iyaye, ko a ɗauki masu yawan ƴaƴa kaɗai. Sunan irin zai ci gaba da zama a rajista, alhali halayen itatuwan da aka tsallake sun tafi, wataƙila har da jure cutar da ake gudu. Wannan asara ba ta bayyana a ido, shi ya sa ba kasafai take shiga lissafin kasafi ba.

Neman sabon fili shi ne ɓangaren da ƴan siyasa ke iya nunawa. Albashin masu hawan itace na shekaru a jere, da rajistar da ke nuna wane uba aka haɗa da wace uwa, su ne za su tabbatar ko abin da ya bar Port-Bouët shi ne zai isa sabuwar gonar.